Takalmina ya yi suna ni ban yi ba, yaya mutum zai ba da labarin sana'arsa ba tare da ya zama ɗan kuri ba?

Baduku_Wambai:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Ni ɗinkin takalmin fata nake yi a nan wajen Ƙofar Wambai, shekarata goma sha ɗaya ke nan da na tsaya da ƙafata, kafin nan kuma na yi shekara shida a gaban maigidana ina shafa gam ina yanka sol. Alhamdulillah ana ci ana sha, yara huɗu ne a ƙarƙashina. To abin da ya tsaya min a rai shi ne, ran nan ƙanwata ta miƙo min wayarta ta ce Yaya wannan ba aikinka ba ne? Ina dubawa sai ga sau-cikin da na ɗinka da hannuna, ruwan ƙasa, har ɗan wurin da basilla ta kauce min a wajen dunduniya sai da na gane shi, wani yaro da yake sara a wajena a kan dubu 13 ne ya ɗora shi a Instagram a kan farin ƙyalle da kwali mai sunansa ya sa dubu 32, kuma mutane sai rububi suke yi a ƙasa, har wani na cewa ai wane ba ya kawo kayan banza. Wanen da ko zare bai iya sa wa basilla ba!

Ban ce ya cuce ni ba fa, ciniki muka yi ya biya ni kuɗina cif. Amma daren nan wallahi ban yi barcin kirki ba.

Bayan haka ne wani abokina ya ja ni wata bita ta masu ƙananan sana'o'i a wajen Zoo Road, mai jawabin ya dinga maimaita wani abu wai shi birandin, ya ce mutane yanzu ba kaya suke saya ba, mutum suke saya da labarinsa, ka fito ka nuna kanka ka faɗi daga ina ka taso. To ni nan ne na rikice. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, ka tsaya kana cewa ni ne wane na iya kaza, ai abin kunya ne, kuma ina jin tsoron riya, ga bakin mutane. Sannan wanda duk na gani yana ba da labari a waya sai ka ji ya ce da naira 500 ya fara, ya kwana a tasha, ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Ni ban kwana a tasha ba, babana ne ya kama hannuna ya kai ni wajen abokinsa ya ce ga ɗanka nan, shi ke nan labarin. Wa zai tsaya jin wannan?

Kuma ina tsoron in na fito da sunana 'yan sarin nan su ga kamar na shigar musu kasuwa su gudu, alhali su ne abincina na yau da kullum. Masu harkar nan ku ba ni haske dan Allah.

Maman_Khairat:

Wa alaikumus salam Malam Baduku. Na yi dariya da na zo wajen kwana a tasha, wallahi ni ma na gaji da labarin nan, kowa da naira 500 ya fara kamar haɗa baki aka yi.

Ni turaren wuta da humra nake yi a gida a Rijiyar Zaki, kuma har yau ɗin nan babu wanda ya taɓa ganin fuskata a waya, maigida ma ba zai yarda ba ni ma ba na so, hannuna kawai ake gani da kasko. To ka ga batun sai ka nuna kanka bai zama dole ba. Na yi wajen shekara guda ina jera kwalabe ina ɗaukar hoto in rubuta akwai kaya masu sha'awa su yi magana, ba mai kula ni sai 'yan'uwa, su ma kunya ce take sa su saya.

Abin da ya juya min kasuwa abin takaici ne ma. Wata amarya ta ba ni odar turaren biki, na jiƙa itacen sati biyu, ranar suya ina tsaye a kan kasko yarinyata ta faɗo daga kan gado na ruga, kafin in dawo sukarin ya kama ya yi baƙi, gidan duk ƙauri. Zama na yi a tsakar gida kamar in yi kuka. Wata maƙwabciyata ta ce ki zuba masa turaren ruwa da yawa ki haɗa da mai kyau wa zai gane, na ce za a gane ranar da aka zuba shi a garwashi a ɗakin amarya. Sai kawai na ɗauki hoton kaskon a yadda yake na sa a sitatus na rubuta, wannan ya ƙone ba zan sayar wa kowa ba, masu oda ku yi min haƙurin kwana biyar. Ban yi don talla ba wallahi, don kada a yi ta kirana ne. Ka san me ya faru? Yayar amaryar ta ɗauki hoton ta tura gurup ɗin matan unguwarsu, satin nan mutum bakwai sababbi suka yi min magana, kuma kusan kowacce da abin da take fara cewa, ke ce wadda ta zubar da turaren da ya ƙone? Har yau wasu da haka suke kwatanta ni.

Daga nan na gane abin da ake cewa labari ba wai tarihin rayuwarka tun daga haihuwa ba ne, abin da ya faru a wajen aiki yau ne. Kai da kake da abin nunawa ma fiye da ni! Ka sa ɗaya daga yaranka ya riƙe waya kana aiki, ka ɗauko fata ta gaske da ta roba ka lanƙwasa kowacce a gani, ka juya bayansu ka nuna bambancin, ka ce ga wadda za ta fara ɓarewa bayan wata uku. Ka nuna takalmin da aka ɗinke sol ɗinsa da wanda gam kawai aka shafa. Wannan ai ba yabon kai ba ne, ilimi ka ba mutane, ni kaina da kake gani ban san yadda ake ganewa ba kuma duk Sallah sai na saya wa yara takalmi.

Kuma wannan na babanka da ya ce ga ɗanka nan, kar ka raina shi, ni ya fi taɓa min zuciya a kan na tasha.

Abu ɗaya, sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka ka sauke WhatsApp Business ka jera kayan a katalog da farashi, kuma ka samu littafi ka dinga rubuta lambar duk wanda ya taɓa saya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida, littafina na ɗauko na dinga kiran masu oda ɗaya bayan ɗaya.

Dattijon_Kwari:

Yaro, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ɗana ne yake buga min wannan ina faɗa masa, don ni idona ba ya jure rubutun waya.

Shekarata sama da arba'in a Kantin Kwari, kuma abin da na gani shi ne suna ba mai shi ne yake yin sa ba, mutane ne suke yi masa. Akwai 'yan kasuwar da suke zuwa mana daga Nijar da Chadi da Kamaru, mutum ya ɗebi atamfa da shadda na miliyoyi ya tafi ba takarda ba shaida, sai ya sayar ya aiko. Wani kuma ko yadi biyar ba mai ba shi bashi duk da ya fi kowa iya baki. Me ya raba su? Ana zaune a bakin shago a ce wane in ya ce Talata to Talata ce. Wannan magana guda ita ce jarinsa, kuma ba shi ya ƙirƙire ta ba.

Ku ɗauki Alhaji Alhassan Ɗantata. Mutumin Bebeji ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe ya shige ta, har aka zo ana jera buhuna ana yin dala. Ya rasu a 1955, amma yau ka tare yaron da ko kakansa bai gan shi ba zai ba ka labarin da ake bayarwa na raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki. Shi ya zauna ya ba da labarin? Mutanen da suka gani ne suka faɗa wa na bayansu. A al'adarmu ko sarki ba ya yi wa kansa kirari, maroƙi ne yake yi masa. Shi ya sa kunyar nan da kake ji ba ciwo ba ce, tarbiyya ce, kar wani mai lasifika ya raba ka da ita. Yabon kai jahilci.

Abin da Hajiya ta faɗa a sama na turaren da ya ƙone, ai shi ne maganata, ba ita ta ce ni mai gaskiya ce ba, wata ce ta ɗauka ta kai gaba. Kuma kun san Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wajen mai sayar da hatsi ya sa hannunsa a cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. To duk labarin da za ka bayar ka auna shi da wannan, in akwai jiƙaƙƙe ka sa shi a sama.

Zan tambaye ka abu ɗaya kuma ka ba ni amsa tsakaninka da Allah, ba ka buga wa takalminka tambarin Italiya? Don na san ana yi. In kana yi to ka fara daina wannan tukunna kafin ka je neman suna, ba za ka ɗinka abu da hannunka ka rubuta sunan ƙasar wasu a ciki ba sannan ka zo kana kukan ba a san ka ba.

Yaron nan mai sari kuma kar ka yi faɗa da shi. Kasuwa ce.

Ummi_Dorayi:

Ni dai mai saye ce ba mai sayarwa ba. Gaskiya in na ga mutum yana nuna yadda yake yin abu da hannunsa hankalina ya fi kwanciya in tura kuɗi, don sau biyu ana cinye min kuɗi a shafukan da hotuna ne kawai masu kyau ba ka san ko mutum ko aljan ne a baya ba. Malam in ka buɗe shafin ka sa mana sunan a nan, maigida yana sa lamba 43.

Sadi_FarmCentre:

Baba Dattijo Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ku ba ni dama in ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. A Kwari ido na ganin ido, in baƙo ya zo zai tambayi na kusa da shagonku a gaya masa halinku. To mutumin da yake zaune a Abuja ko Fatakwal yana son takalmin Kano wa zai tambaya? Ba shi da maƙwabcin shago, wayar nan ce kawai a hannunsa. In Baduku ya yi shiru yana jiran mutane su yi masa suna, za su yi, amma wa za su yi wa? Wanda suka gani, wato yaron nan mai kwali. Ai ga shi nan an riga an fara, wane ba ya kawo kayan banza. Mutane ba za su ba da labarin abin da ba su gani ba, dole ka buɗe musu ƙofar shagon su leƙo, sauran kuma ka bar musu.

Kuma abin da ya same ka Yaya Baduku tsohon ciwo ne a garin nan. Fatar jar akuya da ake jemewa a ƙasar Hausa, ta Sakkwato da ta Kano, ayari ne yake ɗaukarta ya ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa kuma suka sa mata suna fatar Maroko saboda a hannun mutanen can suka gan ta. Majemin da ya sha warin jima ba wanda ya san shi. Ka ga wannan ma kaɗai abin faɗa ne a bidiyo, kana riƙe da fatar a hannunka.

Ni gyaran waya nake yi amma na taya mutane da yawa wannan harkar, ga abin da na ga yana kayar da su. Suna barkatai. Shafin Instagram suna daban, TikTok daban, allon shago daban, sai an zo biya kuma ka turo lambar Opay ta ƙaninka, mutum ya sa lamba ya ga wani suna can da bai taɓa ji ba, nan take jikinsa zai yi sanyi ya ce bari in yi shawara, ba zai dawo ba. Ka zaɓi suna ɗaya gajere wanda tsohuwa za ta iya faɗa ba ta yi tuntuɓe ba, ka bar irin su wane global wane intanashinal ɗin nan, ka yi masa rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ka buɗe asusun kasuwanci da shi ko a Moniepoint ko a banki, ya zama abin da aka gani a shafi shi za a gani a wajen tiransifa.

Amma ka sani, mutane da yawa suna ɗauka takardar CAC ta kare musu tambari, ba haka ba ne. CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista. Tambarin da kake bugawa a jikin kaya ofishinsa daban ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, takalmi yana rukuni na 25 tare da tufafi da huluna, rajistar farko shekara 7 take yi sannan a dinga sabuntawa. Ba sai ka yi shi gobe ba, amma ranar da ka ga sunan ya fara tafiya ka hanzarta, don a garin nan kwaikwayo ba ya wuya.

Abin da za ka yi gobe shi ne hatimi na ƙarfe wanda ake ɗumamawa a danna a jikin fata. Sitika ɓarewa take yi, kwali kuma yara ne za su yi mota da shi, amma hatimi yana nan har takalmin ya mutu, a ƙofar masallaci ma wani zai sunkuya ya karanta.

Abba_Kaya:

To bari mu 'yan sari mu ma mu ce wani abu tunda an sa mu a gaba, hhh. Ba ni ne yaron ba fa kada a kama ni, ni huluna da agoguna nake yi.

Yaya Baduku dubu 19 ɗin nan da yaron ya ɗora a kai ba duka ne riba ba. Akwai kwali, akwai mai hoto, akwai data, akwai kuɗin da ake biyan Instagram ya tura talla, akwai ɗan sahun da zai kai kaya tashar Unguwa Uku, sannan mutum ya karɓa a Kaduna ya ce ya matse shi a dawo da shi a canza duk a aljihunka, ga wanda zai sa ka yi ta hira har ƙarfe ɗayan dare yana a turo wani kalar a turo ta gefe daga ƙarshe ya ce zai yi magana. Wannan ma sana'a ce mai zaman kanta kuma cin lokaci gare ta, in ka shige ta da ka sai ka waiwayo ka ga wata guda ba ka riƙe basilla ba, yara ne suke ta kwaɓa aikin da sunanka. Na ga wanda haka ta faru da shi, shafin ya cika da mabiya kaya kuma suka lalace.

Shawarata ka raba layi biyu. Wanda kake ba 'yan sari ka ci gaba da ba su ba tambari, su sa nasu. Naka mai hatimi ka canza masa fasali ko da kaɗan ne, kuma kar ka karya farashi ƙasa da nasu, in suka ga kana sayar wa ɗaiɗaiku a dubu 15 ranar za su watse kuma da gaskiyarsu.

Baduku_Wambai:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta komai har sau biyu.

Baba Dattijo kun kama ni. Eh ana bugawa, ba kullum ba, amma in mai sari ya ce a sa masa Italiya ina sa wa, ban taɓa ɗaukarsa komai ba don kowa yi yake. Jiya na ɗauke hatimin Italiyar na jefa a ƙasan akwati, mutum ɗaya ya riga ya yi fushi ya ce in babu shi ba zai ɗauki dozin biyun da ya sa a yi masa ba, na ce ya je ya yi tunani. Gaskiya gabana ya faɗi don kuɗin fatar ma bashi ne, ku sa ni a addu'a.

Hajiya Maman Khairat na gwada abin da kika ce. Yarona ya riƙe waya na lanƙwasa fata da roba, sau biyar muna sakewa don da na ga wayar ta kallo ni sai bakina ya ɗaure, ga injin maƙwabcina yana ta ƙara, a na ƙarshe ma na manta ana ɗauka na daka wa wani yaro tsawa ya rufe gwangwanin gam, haka muka ɗora shi. Mutum 61 suka kalla a sitatus, ba wanda ya sayi komai tukunna, amma wani abokin babana da na manta ma yana da lambata ya kira ni ya ce ashe kai ne a wajen nan har yanzu, maigidanka yana da rai? Na ce yana nan ya tsufa ba ya gani sosai. Ya ce in kai shi su gaisa ranar Juma'a.

Sadi batun suna, ina tunanin in sa sunan maigidan nawa ne ko laƙabin da ake kiran babana da shi, amma sai na je na nemi izininsu tukunna. Hatimin kuma a ina ake yin mai kyau wanda rubutun ba ya cushewa, kuma nawa zan riƙe in zan je? Hajiya Ummi 43 akwai, baƙi ko ruwan ƙasa?